Karen Bana, Zomon Bana: Hutun Mota Mai Ɗaki a Ma'aunin Ƙasar Dandi

A ƙasashen Turai akwai wani irin hutu da ya zama ruwan dare har ya kafa kasuwarsa: mutum ya kwashi iyalinsa da karensa, ya shiga mota mai ɗaki, ya nufi ƙasar duwatsu. Daga waje motar ba ta wuce ƙaramar bas irin ta tasha ba, amma in aka zuge ƙofarta sai a ga gado mai naɗewa, da murhun gas mai baki biyu, da tankin ruwa a ƙarƙashin kujera, da ɗan firji, da wani akwatin ban-ɗaki da ake zarewa a je a zubar. Karen na da shimfiɗarsa a bayan direba, da kwanonsa, da igiyarsa rataye a ƙugiya. A tsaya a gindin dutse a kwana, da asuba a ɗaura takalma a hau, da la'asar a sauko a ɗora shayi, gobe a ƙara gaba. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera motar da ta yi suna a wannan harka a 1950, a 1951 kuma kamfanin Westfalia ya fara shirya mata kayan ɗaki. Yau hotunan irin wannan tafiya suna yawo a wayoyin samarin Gaya da Bana kamar yadda suke yawo ko'ina, kuma ba laifi mai kallo ya tambayi kansa: mu da Allah ya hore wa tudu da fadama da kogi, ga karnuka a kowace unguwa, me ya hana mu? A ganina hawan tudun zai yiwu, karen ma zai yiwu in an yi masa abin da ya kamata. Motar ce, wadda ta fi komai ɗaukar ido, ba ta dace da wannan ƙasa ba, domin an ƙera ta ne don matafiyi ya wadatu ba tare da mai masauki ba, alhali a Dandi mai masauki shi ne izinin tafiyar, shi ne kuma tsaronta.

Sai a fara da abin da hoto ba ya nunawa. Baturen da ya taka tudun wani ba sallama ba neman izini, doka ce ta ɗaure masa gindi, kuma sai da aka sha wuya kafin a samu dokar. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchesta da kewaye suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka keɓe don harbin tsuntsaye. Aka yi ta-maza da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Sai a shekarar 2000 Ingila ta yi dokar da ta buɗe irin waɗannan tuddai ga mai tafiya a ƙasa, Sikotlan kuma ta yi tata a 2003, wadda ta fi faɗi. Can ne ake da duwatsu 282 da tsayinsu ya haura mita 914, waɗanda wani mai suna Hugh Munro ya fara jerawa a 1891, har yau mutane na cinye shekaru suna bin su ɗaya bayan ɗaya. To amma wannan 'yanci da sharuɗɗa ya zo. A buɗaɗɗun tuddan Ingila, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita biyu ba, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, haka nan duk lokacin da ake kusa da dabbobi. Tun 1953 akwai dokar da ke hukunta wanda karensa ya kori tumakin wani. In kare zai tsallaka iyaka a Tarayyar Turai sai an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an yi masa allurar haukan kare, an jira kwana 21. Ita kuwa motar, ko a Sikotlan ɗin dokar ba ta ba ta ikon shiga filin kowa ba. Tun da aka tallata hanyar nan ta arewacin ƙasar mai kimanin kilomita 830 a 2015, mutanen ƙauyukan da ke bakinta suke kuka da masu motocin kwana: sun tare hanya, sun zubar da ƙazantar ban-ɗaki a rafi, sun zo da abincinsu daga birni ba su sayi ko ashana ba. Wato ko a gidan abin, ƙauye bai cika cin moriyar motar ba.

Gaya ba baƙuwar waɗannan motoci ba ce. A shekarun 1970 da 1980 akwai hanyar da Turawa 'yan yawon duniya suka mayar tasu: su tsallako teku zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasat, su faɗo Asamaka da Arlit da Agadas, su gangaro Tawa da Doso, su haye gadar Gaya zuwa Malanbil, su zarce Faraku har Kwatano. Wasu a Land Rover, wasu a bas ɗin Volkswagen mai gado, da yawa kuma a tsohuwar Peugeot 504 da za su sayar a ƙarshen tafiya su hau jirgi su koma. Gadar da aka buɗe a 1958 ita ce ƙofarsu ta fita daga Nijar. Me suka bari a Dandi? Kuɗin mai, da burodi, da abin da aka biya a duwan. Wanda gadonsa da tukunyarsa ke cikin motarsa ba shi da dalilin sanin sunan gari. Sannan hanyar ta mutu a hankali: tawayen arewa daga 1990, yaƙin cikin gida na Aljeriya daga 1992, soke tseren Dakar a 2008, sace ma'aikata a Arlit a 2010. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a gandun Panjari na Benin, aka kashe ɗan rakiyarsu. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe Faransawa shida masu aikin agaji tare da direbansu da ɗan rakiyarsu a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, kuma masu rakiyar da suka yi shekaru suna ci da wannan aiki suka wayi gari babu baƙo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya kanta. Da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, mutane suka koma kwalekwale. Duk sana'ar da aka gina a kan baƙon nesa, rana ɗaya takan isa ta rushe ta.

Wani zai ce ai maganar ma ba ta taso ba, tunda Bana ba ta da duwatsu. Gaskiya ne, ba ta da su in ana nufin irin na Bagzan a ƙasar Abzin, inda ƙololuwar Nijar ta kai mita 2,022. Abin da ke akwai shi ne tuddan marmara masu shimfiɗaɗɗen kai, da gangaren da suka yi wa Dallol Mauri da Dallol Foga katanga, kwaruruka biyu da ke haɗuwa a wannan yanki kafin su kai ga kogin Kwara. Amma mai hawa ba mita yake ƙirgawa ba, abin da zai gani yake nema. A cikin hunturu, wanda ya tashi bayan sallar asuba daga bakin fadama zai fara da raɓa a ƙafa da ƙanshin rake, ya ratsa lambunan dankali da rogo, ya shiga inuwar giginya inda ake haƙar muruci, sai ƙasa ta fara ja, tsakuwa ta fara zamewa a ƙarƙashin takalmi, sabara da geza su karɓi wurin manyan itatuwa. Cikin sa'a guda ya hau fako. In ya juyo, ga kwarin nan shimfiɗe kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe, kawunan giginya jere har inda ido ya gaza. Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, kuma dazuzzukan giginyarta suna cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. A 2004 aka sa Dallol Mauri cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A Foga kuwa har yau ana kankare ƙasa mai gishiri, a tace, a dafa ruwan har ya ƙafe, aikin da Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya tarar ana yi a 1853 a hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi. Mutanen Kano ma da suke hawa Dala, ba tsayinsa ke kai su ba.

Sai dai babu taku ɗaya cikin wannan tafiya da aka yi a ƙasar da ba ta da mai ita. Lambun na wani ne, giginyar akwai masu kula da ita, fakon da baƙo zai ɗauka fili ne na banza makiyaya ce, siririyar hanyar da ya bi burtali ne, kuma wani kurmin da zai so ya huta a ciki wuri ne da mutanen gari, musamman Kyangawa da suka daɗe a ƙasar, ke girmamawa tun kaka da kakanni. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun yi ƙoƙarin tsara haƙƙin manomi da na makiyayi, har da ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa bayan girbi. Ba a rubuta su da mai yawon shan iska a zuciya ba. Abin da ya tsaya a madadin dokar Sikotlan a nan shi ne tsohuwar al'adar zango. Fataken goro da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa wannan yanki daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja, su ma da gidansu a bayan jakuna suke tafe, su ma a waje suke kwana. Amma madugu ba ya sauke kaya sai ya aika an gai da mai gari, an nuna masa zango da rijiya, an san adadin mutanensa. Matan gari su kawo fura da tuwo su sayar, a yi ciniki, a ba da labarin hanya. Baƙo ko da idonsa makaho ne, mai masauki ne sandarsa. Yanzu a kwatanta da mota mai baƙin gilashi da ta kauce daga kwalta da magariba, ta hau fako ta kashe fitila, a shekarun da sunan 'yan bindigar Lakurawa ke yawo a bakin iyakar Kabi da Sakkwato da Doso. Kafin a yi sallar isha'i labari ya kai ga mai gari, kafin gari ya waye ya kai ga jandarma, kuma babu mai hankalin da zai ga laifin wanda ya kai rahoton. Kaɗaicin da ake saya da tsada a Turai, a nan abin zargi ne, wani lokacin ma abin halaka.

Batun kare ya fi kowanne tayar da gira, don haka a tsaya a kansa. Da yawa za su ce kare najasa ne, Musulmin kirki ba ya yawo da shi. Malamai su ne masu fatawa, amma abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba ɓoyayye ba ne: a mazhabar Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har kare da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai bin umarni ne, ba don ƙwaryar ta zama najasa ba. Hadisi ya halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona, Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa shi kansa marubucinta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya. Abin da ake ƙyama shi ne ajiye shi ba dalili, da shigar da shi ɗakin kwana. Nan ma motar ce ke kawo matsala, domin ita ce ke tilasta mutum da kare su kwana a shimfiɗa kusan ɗaya, su ci a wuri ɗaya, a kuma yi salla a nan. Karen da ya kwana a ƙofar zango, ya yi gaba a hanya yana shinshina ciyawa, bai saɓa wa abin da mafarauta da makiyayan yankin suka saba ba. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Da shekara suke, amma karin maganar ya faɗo daidai kan sunan garin. Siririn karen gida mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu ya san ƙarangiya, ya san kaska, ya san ya ja da baya in ya ji motsin kububuwa. Ƙaton karen Turai mai gashi buzu-buzu da attajiran Yamai ke saya, in aka hau da shi fako a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, marmara za ta ƙona masa tafin ƙafa kafin azahar.

Amma halaccin kare bai ɗauke wa mai shi nauyi ba, kuma a nan dokar igiya ta Ingila tana da abin koyi. A ƙasar da ɓarnar saniya guda a gona kan zama sanadin zubar da jini, karen baƙo da ya tarwatsa garken tumaki ba ƙaramin abu ya taɓo ba. Haka nan gandun dajin Gorou Bassounga da ke kusa da Gaya da sauran dazuzzukan da hukuma ta keɓe ba wurin sakin kare ba ne. Dokar farauta ta 1998 tana nan, kuma jami'in gandun daji ba zai tsaya bambanta karen shan iska da karen farauta ba in ya gan shi da zabon daji a baki. Babbar magana kuwa ita ce haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana, kusan babu mai tashi. Wanda aka ciza sai ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nemi allura nan take, allurar kuwa tsada gare ta, kuma ba kowane gidan likita na ƙauye ke da ita ba. Masana sun daɗe da nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, cutar takan yanke. Bana tana zaune ne inda ƙasashe uku suka haɗa kafaɗa. Karen Kamba da ke ƙetaren iyaka ba ya nuna takarda kafin ya bi mafarauci ya shigo. Duk mai son ya ga ana yawo da kare a tuddan nan, daga sirinji ya kamata ya fara.

Akwai ƙorafi mafi nauyi, wanda bai kamata a kauce masa ba: ana fama da tsadar hatsi, an rufe gada, gandun W da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1996 ya zama maɓoyar 'yan bindiga, sai a zauna ana zancen yawon shan iska? Rabin wannan ƙorafi gaskiya ne. Babu wanda ya kamata ya doshi W ko wani daji mai nisa a halin da ake ciki, kuma inda jami'an tsaro da mai gari suka ce kada a je, magana ta ƙare. Amma ba gaskiya ba ne cewa talaka ba ya tafiya don nishaɗi. Tun 1934 mutane ke tururuwa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda bai yi nisa da nan ba. Tun 1975 'yan Nijar ke bin kokawar takobi daga jiha zuwa jiha, suna kwana a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki. Masu zuwa Bana, in za a samu, irin waɗannan ne: malamin makaranta daga Doso, ɗan kasuwar Gaya da likita ya ce ya rage zama saboda hawan jini, ɗaliban jami'ar Doso da aka kafa a 2014, 'yan'uwa daga Kamba da Birnin Kabi. Ba za su zo da Yuro ba. Za su zo da jika biyu ko uku, amma kuɗin a hannun mai rakiya zai sauka, da mai tuwo, da mai rake, da mai ɗakin da aka share musu. Irin wannan baƙo ba ya ɓacewa don wata ma'aikatar harkokin waje ta shafa wa taswira jan launi.

Masu kare motar suna da hujja ɗaya mai kyau: iyali, musamman mata, suna bukatar sutura da wurin kewayawa, kuma ba kowane ƙauye ke da masaukin da za a kai su ba. Haka ne. Sai dai kuɗin mota mai ɗaki guda, ko tsohuwa ce daga tashar jiragen ruwa, zai gina ɗakuna da kewaye da randa a gari fiye da ɗaya, waɗanda za su amfani duk mai zuwa. Mota tana da aikinta: ta ɗauko mutane daga Doso ta bi kwaltar nan mai kimanin kilomita 150 zuwa Gaya, ta sauke su a ƙofar mai gari, ta tsaya a inuwa inda kowa ke ganinta. In mai ita ya so ya kwana a ciki, ya kwana a zango da sanin gari. Yashin dallol da ramukan da manyan motocin rake ke bari ma sun isa su koya mata iyakarta.

Saboda haka kirana ga mahukuntan Bana da na Gaya, da sarakunan gargajiya, da ma'aikatar kiwo, da shugabannin mafarauta: kada a fara da allon maraba da baƙi a bakin hanya. A zauna da manoma da makiyaya a tantance hanyoyi biyu ko uku da za a iya bi bayan sakin gonaki, daga Disamba zuwa Fabrairu. A zaɓi samarin da suka san daji a ba su aikin rakiya da farashi sananne. A ce kare sai da igiya da takardar allura. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, wata biyu kafin hunturu ya kama. A ranar a tara karnukan mafarauta a ƙofar fada, a fara da su.